Shekara Goma Sha Ɗaya da Bashiru Ya Ɓoye

Bashiru taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kansa, a gabansa ko a bayan idonsa. Ni ce Asiya. Ina da rumfa a kasuwar Dogon Dutsi inda nake sayar da man shafawa da sabulai da turare da kwalli. Masu cinikina mata ne. Namiji ɗaya tak nake da shi wanda ba aike ke kawo shi ba, shi ne wannan taubashin nawa, kuma shekara da shekaru ke nan yana zuwa duk ƙarshen wata.

Zuwansa ma abin kallo ne. Zai kafe babur ɗinsa can nesa wajen masu barkono, ya dubi gabas ya dubi yamma kamar wanda ya zo satar akuya, sannan ya faɗo rumfata ya nufi madubi. Zai ja fatar ƙarƙashin idonsa da yatsa, ya sake ta, ya ɗaga haɓa, ya murtuke fuska, ya yi murmushi, duk don ya ga inda fata ke tattarewa.

"Asiya, don Allah dibe ni da kyau. Shekara nawa kika ba ni?"

"Tamanin, in na yi maka ragi."

"Bari wasa, ɗiyar kawu."

"To mi kaka so in ce? Jinjiri?"

Sai ya yi tsaki, ya ɗauki kwalba ya ajiye, ya ɗauki wata yana ƙoƙarin karanta Faransancin da ke jikinta, ƙafarsa tana kaɗawa. Mata da yawa a kasuwa sun ɗauka budurwa yake nema. Da ma hakan ne, da na fi kowa jin daɗi, don da na samu abin zolaya na shekara goma. Abin da ke damun Bashiru ya fi haka nauyi. Shekarunsa sittin da ɗaya, takardarsa kuwa ta ce hamsin, kuma abincin gidansa gaba ɗaya a kan wannan takarda yake rataye.

Ga yadda abin ya faro. A wani ƙauye gaba da Dogon Kiriya aka haife shi, shi ne ɗan farin Gwaggo Hawwa'u. Tun yana jariri wanzami ya ja masa tsagar Arawa daga gefen baki har kunne, kamar yadda aka yi wa kakanninsa. Bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko, shanu ya bi. Da ya tasa ya ƙetara iyaka cin rani, ya faɗa hannun wani mai gyaran injin niƙa, kuma a can Allah ya buɗe masa kai. Inji ko na wane iri ne, in Bashiru ya kara masa kunne zai gaya maka inda ke masa ciwo. Ƙanensa Habu, autan gidan, da shekara goma sha ɗaya ya girme shi. Habu ne aka sa lakwal har ya samu sartifika, kuma shi ba a yi masa tsaga ba, don lokacin mahaifinsu ya fara jin wa'azin masu cewa a bari. A tsofaffin littattafan Habu Bashiru ya koyi haɗa baƙi, kaɗan-kaɗan, a lokacin rani.

Wata bazara sanƙarau ya shigo ƙauyen, ya ɗauke Habu cikin kwana uku. A ƙauye wa ke zuwa gari yanko takardar mutuwa? Aka binne shi, aka yi zaman makoki, takardunsa suka ci gaba da kwanciya a akwatin ƙarfe. Ba a rufa wata huɗu ba sai ga labari cewa wani kamfani da ya karɓi aikin ruwan ƙauyuka yana neman mai kula da injin ruwa a Geceme. Sharaɗi biyu ne: mutum ya kasance da sartifika, kuma kada ya wuce shekara talatin da biyar. Bashiru na da arba'in da biyu, ba shi da ko ƙyallen takarda, ga gona ta gaji, ga iyali. Mahaifinsu, Allah ya ji ƙansa, ya buɗe akwatin ya miƙa masa.

"Amshi. Inda yat tahi ba a biɗar takarda."

Haka Bashiru ya sauka Geceme da sunan Habu. Tsakanin can da Dogon Kiriya tafiya ce mai nisa, babu wanda ya san shi. Matarsa Sahura ba ta samu matsala ba, tunda maigida take ce masa. Aiki kuwa, gaskiya ita ce gaskiya, ya riƙe shi da hannu biyu. A shekara goma sha tara ruwan Geceme bai taɓa ɗaukewa ya wuce kwana biyu ba ta dalilin inji. Da gwamnati ko kamfani suna ba da sartifikan iya aiki, da nasa ya cika bango.

Shekarun farko bai damu ba, don mai arba'in da biyu in yana da ƙira zai wuce a ɗan talatin da wani abu. Da furfura ta fara leƙowa a gemu ne hankalinsa ya tashi, daga nan kuma bai sake kwantawa ba. Ya mayar da fuskarsa gona. Da safe sabulun salo, sai man kaɗe, sai wani man kwalba da nake kawo masa mai hoton namiji a jiki. Ranar Alhamis rinin gemu da na gashi. Ya daina cin goro don kada haƙora su tona shi. Ya sayi malafa mai faɗi irin ta makiyaya yana yawo da ita ko rana ba ta fito ba. Wani ya gaya masa dariya na kawo tattarar gefen ido, sai ya rage dariya, shi da a da in yana ƙyaƙyatawa sai an ji shi a ƙetaren gari. Na ce masa to ya rage numfashi ma, don shi ma yana tsufar da mutum.

In wani matashi a bakin famfo ya ce masa "Sannu Baba," ranar Sahura ta shiga uku, don yini zai yi yana tambayarta me yaron ya gani. A wurin suna ko jana'iza ba ya zama cikin sa'o'insa na gaskiya, sai ya raɓe cikin 'yan hamsin yana sauraron hirar da ba tasa ba. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne in dattawa suka ɗauko zancen babban farin nan da ya ƙarar da shanu. Bashiru yana da shekara goma lokacin, da hannunsa ya taya mahaifinsa feɗe shanun da suka faɗi. Amma Habu ba a haife shi ba tukuna, don haka dole ya zauna ya yi shiru, wani lokaci har ya ce "Ashe haka anka yi?" ga mutumin da bai ga rabin abin da shi ya gani ba. Ya taɓa gaya mini cewa a irin wannan rana ji yake kamar ya fasa ihu.

Gwiwa kuma ba ta shan man shafawa. In mutane na kallo, da gudu yake hawa tsanin tankin ruwa. In ya sauko sai ya zagaya bayan ɗakin inji ya riƙe gwiwoyinsa yana cije leɓe. Sa'o'insa sun miƙa wa 'ya'ya fartanya sun koma inuwa, shi kuwa takarda ta ce da sauransa shekara goma.

Bana kamfanin ya canza hannu. Sababbin masu shi suka turo wata matashiya, Madam Grâce, 'yar nan Dogon Dutsi ce, gidansu yana wajen coci. Aka ba da sanarwa cewa nan da mako uku kowane ma'aikaci zai zo biro, wato ofishin kamfanin a nan Dogon Dutsi, da takardunsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ita kuma ta gan shi ido da ido. A cikin makon ne kuma wata mata 'yar Dogon Kiriya da aure ya kawo Geceme ta gan shi a bakin famfo, ta ce da ƙarfi, "A'a! Bashiru, kai na nan?" Ya ce mata ta yi makuwa, amma mutane sun ji.

Washegari sai ga shi a rumfata, ba ƙarshen wata ba. Ko madubi bai duba ba.

"Tsagag ga ita za ta tona ni. 'Yan hamsin ba su da ita."

"Wa yah hwaɗa maka? Tahi Matankari ka ga 'yan arba'in da tsaga har kunne."

"Habu ba shi da ita."

"Madam ta san Habu? Ta taɓa ganin huskatai?"

Bai saurare ni ba. Mai jin tsoro ba ya jin lissafin hankali. Ya matso ya rage murya.

"Ba ni man ga da mata ka shahwawa su yi hwari. In hwata ta saɓe, tsaga ta bi ta."

"Ba ni saida shi ga mata, balle kai. Tsaga wuƙa tay yi ta, ba datti ba ta."

Na yi masa faɗa sosai a ranar, har maƙwabciyata mai atamfa ta leƙo. Ya fita yana gunaguni cewa ban taɓa son ci gabansa ba tun muna yara. Ashe daga nan Kangiwa ya nufa, ya ƙetara iyaka, ya samu wani mai yawo da lasifika a kasuwa, ya sayo wani haɗi a kwalbar da ko suna babu a jikinta. Mutumin ya ce a shafa sau ɗaya a rana. Bashiru, da yake sauri yake, ya riƙa shafawa sau uku.

Kwana goma sha biyu bayan nan na gan shi, sai da na dafe ƙirji. Garin gyaran gira an rasa ido. Kumatunsa sun saɓule sun yi jawur kamar naman da aka feɗe, idanu sun kumbura, goshi ya yi dabbare-dabbare. Tsagar kuwa ko gezau. Da can ta saje da fata, sai ka matso za ka lura da ita. Yanzu da gefenta ya yi ja sai ta fito baƙa ƙirin, ana hango ta daga bakin kasuwa. Rinin gemun ya zauna a kan wannan fuska kamar an liƙa shi. Na so in yi masa dariyar taubasai, dariyar ta ƙi zuwa. Haushi na ji, da tausayi, da kunyar kaina, don ni na ɗora shi a kan wannan hanya tun kwalbar farko.

Da wannan fuska ya shiga biro. Ya dawo rumfata ya ba ni labari. Madam Grâce ta dubi takarda, ta dube shi, ta sake duban takarda, sannan ta ce, "Bon, Baba, zamna." Kalmar da ya yi shekaru yana gudu, ita ta fara fitowa daga bakinta. Ta ce magana ta zo mata daga Geceme cewa yana da wani suna, amma ita ba ta aiki da jita-jita, kuma ba ta son ta zalunce shi. Ya kawo mahaifi ko mahaifiya su shaida a gabanta cewa shi ne Habu. In ba haka ba, takardunsa ba za su wuce ba.

Na ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne, ya je ya faɗa mata gaskiya da bakinsa, ko ta dubi aikin da ya yi. Sai na ga idonsa ya yi wani haske.

"A'a, Asiya. Inna za ni ɗaukowa. Ni ɗan hwari na. Tunda tah haihe ni ba ta taɓa kiran sunana ba, kin sani. Za a tambaye ta, wanga Habu na? Kai ɗai za ta ɗagawa. In ta ce ba shi na ba, sai an ce to wane na, ita ko ba ta iya hwaɗi. Kunya ba ta barinta."

Gaskiyarsa ce ta wannan fuskar. Gwaggo Hawwa'u irin matan da ne. Kunyar ɗan fari a wurinta kamar salla take. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in za ta yi masa magana sai ta bi ta kan wani, ta ce "ku hwaɗa ma wanga naku." Akwai wani maƙwabcinsu mai suna Bashiru, shi ma Maigero take ce masa don kada sunan ya bi ta bakinta. A kan wannan kunya taubashina ya gina dabararsa, kuma na ji ƙyamar dabarar har cikin raina. Amma ya roƙe ni in raka shi, don Gwaggo tana jin maganata, ni kuma na kasa ce masa a'a.

Muka shiga motar kasuwa zuwa Dogon Kiriya, daga can amalanken jaki ya ƙarasa da mu cikin yashi. Duk tafiyar nan Bashiru bai bar ni na huta ba. Ya maimaita mini abin da zan ce sau ba adadi, ya sauka daga amalanke ya taka, ya hau, ya sake sauka wai jakin ba ya sauri.

Mun tarar da Gwaggo a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta haura tamanin, amma idonta ras. Ta ɗago ta saci kallonsa sau ɗaya, hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Asiya, wanga naku wuta yah hwaɗa?"

Na zauna na warware mata komai, tun daga akwatin ƙarfe har zuwa kwalbar Kangiwa. Ta san an ba shi takardun, ba a dai taɓa shawartarta ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Na gaya mata abin da ake so ta yi. Ta daɗe tana kallon gyaɗar. Bashiru yana tsaye a bakin zaure yana murza hularsa. Can ta kakkaɓe zaninta ta ce, "To, mu tahi." Ya yi ajiyar zuciya har da hamdala. Ni kuwa ban taya shi murna ba, don na san gwaggona, amincewarta ba ta saba zuwa da sauri haka ba.

Washegari da hantsi muka shiga biro. Madam Grâce ta tashi ta ba Gwaggo kujera, ta sa aka kawo mata ruwa. Bashiru yana tsaye a gefe, gumi na bin ɗanyar fatarsa.

"Inna, sannu da tahiya. Ba ni tsaishe ki. Wanga bawan Allah ɗanki na?"

"Ɗana na."

"Shi na Habu?"

Gwaggo ba ta ɗaga kai ba, ba ta girgiza ba. Ta ajiye kofin ruwan a ƙasa a hankali.

"Habu na ƙauye, kwance gabas ga gari. Shekara goma sha tara ina yi mishi sadaka dud Juma'a, su ko suna tashe shi da sahe shi tahi aiki. Ku bar mani yaro shi kwanta."

Na ga Bashiru ya dafa bango. Madam Grâce ta ajiye alƙalaminta, muryarta ta yi ƙasa.

"To wanga hwa, Inna? Mi sunanai?"

Na ɗauka Gwaggo za ta juyo gare ni in faɗa a madadinta, kamar yadda aka saba. Har na buɗe baki. Ba ta juyo ba. Ta ɗaga kai ta dubi ɗanta a tsakiyar fuska, kallon da ban taɓa ganin ta yi masa ba, ta bi kumatun da suka saɓule da ido, ta bi tsagar har kunne.

"Bashiru. Bashiru na. Ni na haihe shi, kuma ba haka na haiho huskatai ba."

Madam Grâce ta rufe takardun. Ta ce abin da ta ji ba za ta iya cewa ba ta ji ba. Ba za ta kira jandarma ba, saboda tsohuwa da kuma shaidar da mutanen Geceme ke yi wa aikinsa, amma ƙarshen wata ya kawo makullan ɗakin inji. Ya ce to. Ban tabbata ya ji abin da ta ce ba.

Da muka fito na fara abin da na iya, wato faɗa haɗe da lallashi. Na ce masa injin niƙa bai ƙare a Arewa ba, mai hannu irin nasa ba zai kwana da yunwa ba, kuma ya tuna na gaya masa tun farko. Raina a ɓace yake ƙwarai, ina tunanin Sahura da yara da abin da za a ce a Geceme. Sai ya kama gefen mayafina.

"Asiya, kin jiya?"

"Na jiya. Aiki ya tahi."

"Ba shi ba. Sau biyu tah hwaɗi. Kin ƙilga? Sau biyu."

Hawaye na gangarowa a kan ɗanyar fatar, na san yana masa raɗaɗi, amma bai share ba. Ya sake ni ya bi Gwaggo, wadda har ta ja lulluɓinta ta rufe rabin fuska ta kama hanyar tasha.

"Inna. Inna, ƙara guda."

Ta waiwayo gare ni, ba gare shi ba.

"Asiya, hwaɗa ma wanga naku shi biɗo muna mota, rana na yi."

Na tsaya a ƙofar biro ina kallonsu. Dattijo mai shekara sittin da ɗaya, wanda ya rasa aikinsa yanzun nan, yana ɗingisawa a bayan tsohuwa cikin rana yana roƙonta ta ƙara faɗa sau ɗaya, ita kuwa ta ƙara sauri.